Yadda Ake Mayar da Katangar Tsaro ta pfSense Ta Zama Rauta

Katangar tsaro ta netwok, wadda masu aikin haɗa kwamfutoci suka fi sani da fayawol, tana da rauta, wato na'urar da take miƙa bayanai daga wannan netwok zuwa wancan, a cikinta tun asali, domin duk fakitin bayanan da ta yarda ya wuce sai ta duba jadawalin hanyoyinta kafin ta san kafar, wato mashigar wayar netwok, da za ta fitar da shi. Abin da ya bambanta ta da rauta zalla shi ne ayyuka biyu da take ƙarawa a kai: tana tace fakitoci bisa dokokin da aka gindaya mata, sannan tana cire adireshin kwamfutocin cikin gida ta maye gurbinsa da nata kafin fakitin ya fita, aikin da ake kira NAT. Saboda haka idan aka ce a mayar da ita rauta, ba wani sabon abu za a ɗora mata ba. Za a dakatar da sauya adireshi, a sassauta dokokin tacewa gwargwadon buƙata, sannan a tabbatar cewa na'urar da ke gabanta ta san inda za ta mayar da amsa. Wannan na ƙarshen shi ne inda akasarin masu gwadawa suke maƙalewa, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Zan yi bayanin da pfSense, manhajar da Chris Buechler da Scott Ullrich suka fara a shekarar 2004 a kan tushen m0n0wall, wadda take gudana a kan FreeBSD, kuma kamfanin Netgate na Amurka yake kula da ita tare da sayar da na'urori masu ɗauke da ita. Injin tacewarta shi ne pf, wanda ya fito daga OpenBSD a 2001. Mai amfani da OPNsense, wadda ta ɓalle daga pfSense a 2015, zai tarar da kusan dukkan waɗannan saituna, sai dai wurin da aka ajiye su ya ɗan bambanta. Sunayen shafuka da maɓallai zan rubuta su yadda suke bayyana a fuskar na'urar, domin da su mai karatu zai neme su.

Lokacin da wannan aiki yake da amfani

Misalin da ya fi yawa shi ne makaranta ko ma'aikata da ta riga ta mallaki babbar rauta ko wata katangar tsaro a bakin intanet, sai aka kawo na'ura ta biyu domin a raba ofisoshi da ɗakin kwamfuta. Idan aka jona ta biyun yadda ta zo, za a sauya adireshi sau biyu kafin fakiti ya isa intanet. Buɗe shafuka zai yi aiki, amma babbar rautar ba za ta ƙara ganin kwamfutoci ɗaiɗaikunsu ba, sai adireshi guda ɗaya tak, don haka ba za a iya sanin wace na'ura ce take cinye data ba, ba za a iya kai wa ga firinta ko saba, wato kwamfutar da take yi wa sauran hidima, da ke bayan na'ura ta biyu ba sai an buɗe mata ƙofa ta musamman, kuma wayoyin ofis masu kira ta intanet sukan shiga matsalar jin murya ta ɓangare ɗaya.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya wajaba a duba kafin komai: na'urar da ke gaba dole ta kasance tana karɓar tsayayyiyar hanya, wato hanyar da mai kula da netwok yake rubutawa da hannunsa. Ƙananan na'urorin MiFi da wasu rautocin gida da kamfanonin waya suke bayarwa galibi ba su da wannan shafin. Idan irinsu ce a gabanka, ka bar NAT a kunne, domin kashe shi zai yanke intanet ɗin gaba ɗaya kuma babu saitin da zai gyara hakan daga ɓangaren pfSense.

Mataki na farko: tsara adireshi a takarda

Takardar ƙa'ida ta RFC 1918, wadda ta fito a 1996, ta keɓe rukunin adireshi uku domin amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8, da 172.16.0.0/12, da 192.168.0.0/16. Lambar da ke bayan alamar / tana nuna girman sashe: idan ta ƙaru, adireshin da ke cikinsa suna raguwa. Daga cikin waɗannan rukunan za a zaɓa, kuma ƙa'idar da ba a karya ta ita ce kowace kafa ta rauta tana da nata sashen adireshi wanda bai shiga na wata kafar ba. pfSense tana zuwa da 192.168.1.1 a kafar LAN, wato mai fuskantar cikin gida, adireshin da rautocin gida da yawa su ma suke amfani da shi, shi ya sa na fi son a kauce wa wannan rukunin tun farko. Ga tsarin da za mu bi har ƙarshe:

- Mahaɗa tsakanin na'urorin biyu: 172.16.0.0/30, babbar rauta tana da 172.16.0.1, kafar WAN ta pfSense, wato mai fuskantar waje, tana da 172.16.0.2.
- Ofisoshi, a kafar LAN: 10.20.10.0/24, pfSense tana da 10.20.10.1.
- Ɗakin kwamfuta, a kafa ta uku, OPT1: 10.20.20.0/24, pfSense tana da 10.20.20.1.

Sashen /30 yana ɗauke da adireshi huɗu, biyu daga cikinsu ne kawai ake iya bai wa na'ura, kuma wannan ƙarancin shi ne amfaninsa: babu wurin da wata kwamfuta za ta zauna a tsakanin rautocin biyu. Mutane da dama suna ganin kamar ɓata lokaci ne a ware mahaɗa ta musamman, sai su jona kafar WAN a suwic, wato akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutoci, inda sauran kwamfutocin babbar rauta suke. A ganina wannan ita ce shawarar da ta fi jawo ciwon kai daga baya, kuma zan bayyana dalili idan muka zo kan hanyar dawowa. Haka nan an zaɓi sassan cikin gida duka su fara da 10.20 da gangan, domin a iya tattara su a layi ɗaya, 10.20.0.0/16, a babbar rauta.

Mataki na biyu: ajiye kwafi da tanadin hanyar shiga

Ka shiga shafin gudanarwa daga kwamfutar da ke jone da kafar LAN, ka je Diagnostics > Backup & Restore, ka sauke kwafin saituna. Fayil ɗaya ne na XML da ya ƙunshi komai, har da bayanan sirri, saboda haka a ɓoye shi da kalmar sirri ko a ajiye shi inda ba kowa yake kai hannu ba. Idan na'urar sabuwa ce kuma har yanzu sunan shiga admin ne da kalmar sirri pfsense, a canza kalmar kafin a ci gaba.

Sannan ka tabbatar kana iya kai wa ga na'urar kai tsaye, ko ta allo da madannai, ko ta wayar konsol, wadda ake jona kwamfuta da na'urar kai tsaye ba ta netwok ba. A jerin zaɓin da ke bayyana a can, lamba 2 tana saita adireshin kafa, lamba 8 tana buɗe wurin rubuta umarni, lamba 15 kuma tana mayar da saitin baya-bayan nan. Kada a yi wannan aikin daga nesa ta intanet, domin a tsakiyarsa akwai lokacin da hanyar za ta yanke na ɗan wani lokaci.

Mataki na uku: saita kafofi

A Interfaces > Assignments za ka ga kafofin da na'urar take da su, kuma a nan ake ƙara ta uku ta zama OPT1. Ka buɗe Interfaces > WAN, ka mayar da IPv4 Configuration Type ya zama Static IPv4, ka rubuta 172.16.0.2 tare da zaɓar 30 a gefensa. A wurin IPv4 Upstream gateway ka ƙara sabuwar ƙofar fita mai adireshi 172.16.0.1, wadda ita ce za ta karɓi duk fakitin da pfSense ba ta san gidansa ba.

A ƙasan wannan shafin akwai akwatuna biyu. Na farko, Block private networks and loopback addresses, yana hana duk wata hulɗa da ta taso daga adireshin cikin gida shigowa ta WAN. Yana da ma'ana idan kafar tana fuskantar intanet kai tsaye, amma a tsarinmu duk abin da ke gaban WAN adireshin cikin gida ne, don haka a cire alamar, in ba haka ba duk dokar izini da ka rubuta daga baya ba za ta yi tasiri ba, tunda wannan hanin yana zaune a samanta. Na biyu, Block bogon networks, yana hana adireshin da ba a raba wa kowa ba ko aka keɓe su don wani aiki, kuma bai shafi rukunin RFC 1918 ba. Ana iya barinsa, amma idan babbar rauta tana yin wannan aikin babu buƙatar maimaita shi.

Daga nan ka saita LAN da 10.20.10.1/24, da OPT1 da 10.20.20.1/24, ka sa alama a Enable interface a shafin OPT1. A waɗannan kafofin biyu, wurin ƙofar fita ya kasance None. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin pfSense tana ɗaukar duk kafar da aka bai wa ƙofar fita a matsayin kafar waje, ta riƙa yi mata mu'amala irin ta WAN. Da zarar ka canza adireshin LAN ka danna Apply Changes, burawuzarka za ta rasa na'urar. Ka bai wa kwamfutarka adireshi da hannu, misali 10.20.10.50, ka sake shiga ta 10.20.10.1, sannan ka gyara iyakokin DHCP, wato sabis ɗin da yake raba wa kwamfutoci adireshi, su dace da sabon sashen.

A ƙarshe ka leƙa System > Routing > Gateways ka tabbatar ƙofar 172.16.0.1 ce aka zaɓa a Default gateway IPv4, ka kuma duba Status > Gateways ka ga tana nuna Online.

Mataki na huɗu: hanyar dawowa a babbar rauta

Na sa wannan matakin kafin kashe NAT ne domin intanet ɗin ma'aikata kada ya yanke ba dalili. Ga abin da yake faruwa. Lokacin da NAT yake aiki, kwamfuta mai adireshi 10.20.10.50 tana aika fakiti, pfSense ta cire wannan adireshin ta sa 172.16.0.2, babbar rauta kuwa ta san wannan adireshin domin a jikinta yake, sai amsa ta dawo ba wahala. Idan aka kashe NAT, fakitin zai isa babbar rauta da adireshinsa na ainihi. Fitarsa ba matsala, amma idan amsa ta zo, babbar rauta za ta duba jadawalinta ta ga ba ta san 10.20.10.0 ba, sai ta bi hanyarta ta ƙarshe ta tura amsar waje wajen kamfanin intanet, inda za a jefar da ita. Kamar wasiƙa ce da ta isa hannun wanda aka aika wa lafiya, amma ɗan aiken da zai kawo amsa bai taɓa jin sunan unguwar mai wasiƙar ba.

Maganin layi ɗaya ne, wanda yake cewa duk abin da za shi 10.20.0.0/16 a miƙa wa 172.16.0.2. A rautar Cisco ana rubuta:

ip route 10.20.0.0 255.255.0.0 172.16.0.2

A MikroTik:

/ip route add dst-address=10.20.0.0/16 gateway=172.16.0.2

A Linux, inda umarnin yake ɓacewa bayan an sake kunna na'ura idan ba a rubuta shi a fayil ɗin saiti ba:

ip route add 10.20.0.0/16 via 172.16.0.2

Idan babbar na'urar ma pfSense ce, sai a fara ƙirƙirar ƙofa mai adireshi 172.16.0.2 a System > Routing > Gateways, a kan kafar da ke fuskantar mahaɗar, sannan a je System > Routing > Static Routes a ƙara hanyar a kanta.

Hanya kaɗai ba ta wadatar ba, akwai abubuwa biyu da suke tafiya tare da ita. Na ɗaya, babbar rauta ita ce yanzu za ta yi wa 10.20.0.0/16 NAT zuwa intanet, don haka a duba dokarta. Wasu na'urorin suna sauya adireshin duk abin da ya fita ta kafar waje, wasu kuwa sai sassan da aka lissafa musu da suna, kuma a irin na biyun dole a ƙara sababbin sassan tare da 172.16.0.0/30, domin da adireshin mahaɗar pfSense kanta take fita neman sabuntawa da daidaita agogo. Na biyu, idan babbar na'urar tana tace fakitoci, dokar izininta ta karɓi waɗannan sassan a matsayin tushe, domin dokar da ta ce sashen wannan kafar kaɗai aka yarda ya fita za ta toshe duk wanda ya zo daga bayan pfSense.

Tattara hanyoyi a layi ɗaya yana da wani lahani da ya kamata a toshe. Idan wata kwamfuta ta nemi 10.20.99.5, sashen da babu shi, pfSense za ta tura fakitin sama, babbar rauta ta dawo mata da shi, su yi ta miƙa wa juna har ƙidayar rayuwar fakitin, wato TTL, ta ƙare. Don hana haka, a pfSense ka ƙara tsayayyiyar hanya ta 10.20.0.0/16 ka zaɓi Null4 a matsayin ƙofarta. Rauta tana fifita hanyar da ta fi takamaimai, saboda haka sassan /24 da suke nan za su ci gaba da aiki, sauran kuma a jefar da su nan take.

Yanzu dalilin ware mahaɗa. A ɗauka an jona WAN a suwic ɗaya da wata saba wadda ƙofar fitarta babbar rauta ce. Kwamfutar ofis ta fara hulɗa da sabar: fakitin farko ya bi ta pfSense ya sauka kai tsaye a kan sabar, tunda sashensu ɗaya da WAN. Sabar kuwa ba ta san 10.20.10.0 ba, sai ta miƙa amsarta ga babbar rauta. Idan babbar na'urar tana riƙe rajistar hulɗa, za ta ga amsa ga tambayar da ba ta ga wucewarta ba, ta jefar da ita. Idan sabar ce ta fara, babbar na'urar za ta ga rabin zancen kawai, ta share hulɗar daga rajistarta bayan ɗan lokaci. Alamar wannan cuta sananniya ce: ping, wato gwajin da ake yi a ga ko na'ura tana amsawa, yana aiki, shafi yana fara buɗewa, sai komai ya tsaya cik bayan kimanin daƙiƙa talatin. A pfSense akwai zaɓin Bypass firewall rules for traffic on the same interface a System > Advanced > Firewall & NAT, wanda ake kunnawa a babbar na'urar domin rage wannan matsalar, amma gyaran gaskiya shi ne a ba rautocin biyu waya ko VLAN, wato keɓaɓɓen sashe a cikin suwic, tasu su kaɗai, ta yadda tafiya da dawowa za su bi hanya guda.

Mataki na biyar: kashe NAT

Wannan shi ne mafi sauƙi. Ka je Firewall > NAT > Outbound, inda za ka ga zaɓi huɗu: Automatic, Hybrid, Manual, da Disable. Ka zaɓi na ƙarshe, ka danna Save da Apply Changes. Hulɗoɗin da aka riga aka buɗe za su ci gaba da amfani da tsohon adireshin har su ƙare, saboda haka ka je Diagnostics > States > Reset States ka share rajistar. Yin hakan zai katse duk wanda yake kan layi na ɗan lokaci, har da burawuzarka, don haka a zaɓi lokacin da ba a cikin aiki. Idan akwai dokoki a shafukan Port Forward ko 1:1 da aka yi don tsohon tsari, a cire su, domin yanzu ana kai wa ga kowace na'ura da adireshinta.

Mataki na shida: dokokin tacewa, da akwatin da ban ba da shawarar taɓawa ba

A System > Advanced > Firewall & NAT akwai akwati mai suna Disable all packet filtering. Alama ɗaya a cikinsa tana kashe pf baki ɗaya, tare da NAT, kuma na'urar ta zama rauta zalla. Da yawa suna zaɓar sa domin yana kawar da dukkan tuntuɓen dokoki a lokaci guda. Abin da ba sa lura da shi shi ne pf ce take kare na'urar kanta. Idan ta mutu, shafin gudanarwa, da SSH, wato hanyar ba ta umarni daga nesa, idan an kunna shi, da sabis na DNS mai mayar da suna zuwa adireshi, duk za su buɗe ga kowa ta kowace kafa, har da ɗaliban ɗakin kwamfuta, kuma idan kafar tana da adireshin waje, har da duk wanda ke intanet. Bugu da ƙari, abubuwan da suka dogara da dokokin pf, kamar tsara rabon gudun data da karkatar da wasu fakitoci ta wata ƙofa ta daban, za su daina aiki. Ban ga dacewarsa ba sai a ɗakin gwaji, ko a wurin da wata na'ura take gadin kowace kafa. Hanyar da ta fi ita ce a bar pf a raye a rubuta mata dokoki masu faɗi.

Kafin rubutu, a san yadda take karanta su. Dokar da ke shafin wata kafa tana aiki ne a kan fakitin da yake shigowa na'urar ta wannan kafar. Ana karantawa daga sama zuwa ƙasa, dokar farko da ta dace ita ce take yanke hukunci, abin da bai dace da ko ɗaya ba kuma an hana shi. Da zarar an yarda da fakitin farko, amsarsa tana wucewa da kanta ta hanyar rajistar hulɗa, ba sai an rubuta mata doka ba. LAN tana zuwa da dokar da ta yarda da komai, amma WAN da OPT1 suna zuwa babu izini ko ɗaya.

A Firewall > Rules > OPT1 ka jera dokoki uku kamar haka. Ta farko ta yarda da TCP/UDP daga sashen OPT1 zuwa adireshin OPT1 a tashar 53, wato lambar da DNS yake sauraro a kanta. Ta biyu ta hana TCP zuwa This Firewall, wato pfSense kanta, a tashoshin 443 da 80 da 22, na shafin gudanarwa da SSH. Ta uku ta yarda da komai daga sashen OPT1 zuwa ko'ina. A lura cewa sabuwar doka tana buɗewa da TCP a wurin Protocol, kuma wanda ya manta bai mayar da shi Any ba zai ga wasu abubuwa suna aiki amma ping da DNS sun ƙi, ya ɓata lokaci yana zargin hanya alhali laifin doka ne.

A shafin WAN ma tsarin ɗaya ne: hani zuwa This Firewall a sama, sannan izini daga sassan babbar rauta zuwa 10.20.0.0/16 a ƙasa. Yana da kyau a ƙara izinin ICMP, wanda ping yake amfani da shi, zuwa adireshin WAN domin babbar rauta ta iya gwada mahaɗar. A nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani, domin a da NAT yana ɓoye kwamfutocin ciki ko da ba a yi niyya ba, yanzu kuwa wannan dokar ce kaɗai take yanke wanda zai kai gare su. Idan firinta da saba ɗaya kawai ake buƙata daga waje, a rubuta izininsu su kaɗai. A ɓangaren LAN kuma akwai Anti-Lockout Rule, wadda take bai wa kowace kwamfuta a kafar damar buɗe shafin gudanarwa. Bayan ka rubuta dokar da ta yarda wa kwamfutar mai kula, ka gwada ta, kana iya kashe waccan a System > Advanced > Admin Access ka sa hani ga saura.

Wani abu da yake ɓoye: dokokin kafar da take da ƙofar fita suna ɗauke da umarnin reply-to, wanda yake tilasta wa amsa komawa ta wannan ƙofar ba tare da duba jadawalin hanyoyi ba. A mahaɗar /30 wannan ba ya cutarwa, tunda maƙwabci ɗaya ne. Idan akwai rauta ta uku a ɓangaren WAN, a sa alama a Disable reply-to a shafin Firewall & NAT.

Mataki na bakwai: rabon adireshi da DNS

A Services > DHCP Server ka kunna rabon adireshi ga kowace kafa, misali daga 10.20.20.100 zuwa 10.20.20.200, kuma pfSense za ta ba da adireshin kafarta a matsayin ƙofar fita da DNS. Idan ma'aikatar tana da sabar DHCP ta tsakiya, a yi amfani da Services > DHCP Relay, tare da sanin cewa ba ya kunnuwa muddin sabar DHCP ta pfSense tana aiki a wata kafa. DNS Resolver kuwa, a yadda ya zo, yana tuntuɓar manyan sabobin duniya kai tsaye. Idan babbar na'urar tana hana fitar tashar 53, ka rubuta adireshin DNS ɗin da aka amince da shi a System > General Setup, ka kunna Enable Forwarding Mode.

Mataki na takwas: gwaji daga kusa zuwa nesa

Daga kwamfutar ofis ka yi ping zuwa 10.20.10.1, sannan 172.16.0.2, sannan 172.16.0.1, sannan wani adireshin waje kamar 1.1.1.1, a ƙarshe ka gwada suna. Inda jerin ya tsaya yana faɗa maka inda laifin yake. Idan 172.16.0.2 ya amsa amma 172.16.0.1 ya ƙi, kusan kullum hanyar dawowa ce babu, ko dokar babbar na'urar ba ta karɓi sashen ba. Idan 172.16.0.1 ya amsa amma na waje ya ƙi, NAT na babbar rauta bai haɗa da sababbin sassan ba. Idan adireshi yana amsawa amma suna ba ya buɗewa, DNS ne.

Gwajin da aka yi daga Diagnostics > Ping yana iya yaudarar mutum, domin pfSense tana fita da adireshin WAN wanda babbar rauta ta sani ko da babu tsayayyiyar hanya. Ka zaɓi LAN a wurin Source address, sai gwajin ya yi daidai da abin da kwamfutocin ofis suke fuskanta. Diagnostics > Routes yana nuna jadawalin hanyoyi, Status > System Logs > Firewall yana nuna abin da aka hana da dokar da ta hana shi, kuma layuka masu alamar TCP:SA ko TCP:A da yawa tsakanin sassan cikin gida suna nuni da cewa tafiya da dawowa sun rabu. Shaidar ƙarshe ta mutuwar NAT ita ce Diagnostics > Packet Capture a kan WAN: idan ka ga 10.20.10.50 a matsayin tushe maimakon 172.16.0.2, aikin ya yi.

Kada a manta da kwamfutocin kansu. Katangar tsaron Windows tana ƙin amsa ping a yadda ta zo, kuma dokokinta na raba fayil da firinta galibi an taƙaita su ga sashen da kwamfutar take ciki. Saboda haka kwamfuta a 10.20.20.0 tana iya ƙin amsa wa ta 10.20.10.0 alhali rautar ba ta da laifi, sai an faɗaɗa iyakar dokar a kwamfutar da ake nema. Idan kuma wata doka ta kulle ka waje, umarnin pfctl -d daga konsol yana dakatar da tacewa har ka shiga ka gyara, kuma tana dawowa da kanta da zarar an sake loda dokoki, ko da umarnin pfctl -e.

Idan kamfanin intanet ya ba ka adireshin waje

Wani lokaci kamfani yana ba da mahaɗa ta /30 a WAN, sannan ya turo ƙarin sashe, misali /29 mai adireshi takwas, wanda shida daga ciki suke amfanuwa, ɗaya ya tafi ga kafar pfSense, biyar su rage wa sabobi. A nan hanyar dawowa aikin kamfanin ne, naka shi ne ka sa sashen a kafar OPT. Amma Automatic yana sauya adireshin wannan sashen ma, kuma Disable zai yanke wa ofisoshi intanet, tunda babu wata na'ura a gaba da za ta yi musu NAT. Sai a zaɓi Hybrid, a ƙara doka a kan WAN wadda tushenta sashen /29 ne, a sa mata alamar Do not NAT. Akwatunan hani biyu na shafin WAN a bar su a kunne a wannan tsarin, kuma izinin shigowa ya taƙaita ga tashoshin da sabobin suke hidima da su.

Bayan komai ya daidaita, ka sake kunna na'urorin biyu ɗaya bayan ɗaya ka maimaita jerin gwajin, domin a wurin da wutar lantarki take yawan ɗaukewa, hanyar da aka rubuta ba a adana ba za ta ɓace a ɗaukewar farko, musamman a Cisco inda sai an rubuta write memory kafin saiti ya zauna. Sannan ka sauke sabon kwafin saitunan pfSense, ka ajiye shi tare da takardar tsarin adireshin da kwafin saitin babbar rauta.